Amsa ga Alhaji kan akwatin kibiyar Jarts

Assalamu alaikum, Alhaji.

Tun da a bainar jama'a ka yi mini tambaya, a nan zan ba ka amsa. Don wanda bai bi zancen ba: kwamitin walimar Sallah na al'ummarmu a nan Amurka ya ƙi yarda a fito da tsohon akwatinka na kibiyar Jarts, wato kibiyar wasa mai tsinin ƙarfe da ake jefawa da hannu, a filin yara, kuma shawarata ya bi. Sai ka rubuta cewa a ƙasar nan ka yi ƙuruciya a shekarun 1970, lokacin da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yake karatu. Ka ce da wannan kibiya kuka yi wasa kai da ƙannenka har kuka girma, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Ka tambaya wa ya ba ni, ni da na zo jiya, ikon hana yara abin da ya gina ku. Ka ce kai ganau ne ni jiyau, ba ni da tawakkali, kuma irina ne ke mai da yara kajin gidan gona.

Zancen zuwa jiya na bar maka. Batun ganau da jiyau ne ba zan bari ya wuce ba, domin duba kayan wasan yara shi ne abin da nake ci da shi, kuma iyayen da suka karanta rubutunka su ne suke kirana su tambaye ni ko lilon da suka kafa a bayan gida zai ɗauki yaro. In ka nuna musu ban san abin da nake faɗa ba, sana'ata ka taɓa.

To bismilla, mu buɗe akwatin. Kibau huɗu ne a ciki da zoben roba guda biyu. Kowace kibiya tsawonta kimanin inci 12, wato santimita 30: tsinin ƙarfe mai nauyi a gaba, fukafukan roba uku a jikin sanda, sai ɗan wurin riƙewa a wutsiya. Ana ajiye zoben nan biyu a ƙasa da tazarar ƙafa 35, mita goma da rabi ke nan da ɗan ɗoriya. Mai jifa ya riƙe wutsiya, ya lilo hannu daga ƙasa, ya saki. Da gangan aka tara nauyin a gaba aka sa fukafukai a baya, don ko ta yaya ta bar hannu ta juyo da tsini ƙasa ta kafe a tsaye. Kibiyar da ba ta kafe ba, ba ta yi aikinta ba. Saboda haka abin da ya sa wasan ya yi daɗi shi ne dai abin da ke huda kai, kuma ba yadda za a cire ɗaya a bar ɗaya.

Ga lissafin da ba a rubuta a bayan akwati ba, ɗan sakandare ma zai iya sake yinsa. Kafin abu ya ci tazarar mita goma da rabi, sai ya bar hannu da gudun kusan mita 10 a daƙiƙa ɗaya, kimanin kilomita 36 a awa, kuma da wannan gudun yake sauka. A tsakiyar tafiya yana haura mita uku daga ƙasa. Tafiyar duka daƙiƙa ɗaya da rabi ce. A cikin wannan ɗan lokaci ake so babba ya hango kibiya ta kauce, ya yi ihu, yaro ɗan shekara huɗu ya ji, ya gane da shi ake, ya san ta ina zai gudu. Abin da yaro ke yi in aka kwatsa masa ihu shi ne ya tsaya cak ya ɗaga kai, ya miƙa wa abin da ke saukowa fuskarsa.

Wannan duk in jifan ya tafi daidai ne. Jifan ƙasa-ƙasa yana da aibi guda da duk wanda ya koya wa yara shi ya sani: sakin hannu. In aka saki da wuri, kibiya ta tafi a kwance, ta wuce zobe a daidai tsayin ƙirji ko fuskar ƙaramin yaro. In aka makara, ta miƙe sama, ta kai mita biyar ko fiye, ta dawo kan mai jifa da na kusa da shi, wani lokaci ma ta bayansa inda kowa ya ɗauka nan ne tudun mun tsira. Yaro kuwa hannunsa gajere ne, ƙarfinsa bai kai ƙafa 35 ba, sai ya cike giɓin da wawan lilo, nan ne sakin ke kuɓuce masa. In mutum huɗu ke wasa, biyu suna tsaye ne a gefen zoben da ake auna. Sannan akwai wasan da babu shi a takardar umarni amma ba unguwar da ba a yi shi ba: a cilla sama iya ƙarfi a watse. Ba na tambayarka ko kun yi, Alhaji. Ƙannenka suna nan da ransu, a tambaye su.

Ka ce tsinin ba shi da kaifi, ko yatsa ba ya yanka. Haka ne, ba ya buƙata. Nauyin kibiyar da gudunta gaba ɗaya suna taruwa ne a kan ɗigon da bai kai kan ɗan yatsa ba. Ƙoƙon kan yaro bai kai na babba kauri ba, kuma akwai wuraren da ya fi sirantaka: gefen kai tsakanin ido da kunne, da rufin kwarmin ido, wanda bayansa ƙwaƙwalwa ce kai tsaye. Tsinin kuma daga cikin ƙasa aka zaro shi, yana shiga da dattinsa. Shi ya sa ƙaramin rauni da aka wanke aka manna wa filasta yake iya komawa ƙurji a cikin ƙwaƙwalwa bayan kwanaki. Wani nazari da likitocin yara suka buga a 1990 a kan yara saba'in da wani abu da kibiyar ta raunata ya nuna fiye da rabinsu a kai ta same su, sai ido, sai fuska, kuma akwai waɗanda suka rasa ido ɗaya har abada.

Yanzu ga inda ganau ɗinka ya gaza. Kai gida ɗaya ka gani, naku. Hukumar CPSC mai sa ido kan kayan da ake sayar wa jama'a ta duba rahotannin asibitoci, ta ƙiyasta mutum 6,100 aka kai sashen gaggawa a cikin shekara takwas saboda wannan kibiya, kashi 81 cikin ɗari 'yan shekara 15 zuwa ƙasa. Yara uku ta tabbatar sun mutu. Ban ƙaryata ƙuruciyarka ba, na yarda kun ji daɗi kun kuma tsira, kamar yadda mafi yawan gidaje suka tsira. Amma tsirarku sa'a ce, kuma kana neman mu gina wa 'ya'yan mutane filin wasa a kanta.

Ka kawo shawarar a sa doka: manya kawai, a ja layi, a sa mai tsaro. Kamar ba a taɓa gwadawa ba. An gwada, shekara goma sha takwas cur. A 1970 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haramta sayar da ita a matsayin kayan wasan yara, kamfanin R. B. Jarts ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba, aka tsaya a kan sharaɗi: a sayar wa manya, a rubuta gargaɗi a jikin akwati, kada a ajiye ta a shagon kayan wasan yara ko sashensu. Wato a daidai shekarun da kake kewa, akwatin da ke gidanku bai kamata ya shiga hannunku ba tun farko. A watan Afrilun 1987, a garin Riverside na jihar Kalifoniya, wani injiniya mai suna David Snow yana da irin wannan akwati a gareji. Ba don kibiyar ma ya saya ba, ragar ƙwallo yake so, aka haɗo masa da ita a kwali ɗaya. Ɗansa da abokansa suka gano ta, ɗaya ya cilla ta haura shinge, ta sauka a kan 'yarsa mai shekara bakwai da ba ta cikin wasan. Bayan kwana uku ta rasu. Mutumin nan ya yi ta zarya Washington har hukumar CPSC ta sake ƙirga alƙalumanta, ta kaɗa ƙuri'ar hana sayar da ita gaba ɗaya, haramci ya fara aiki ranar 19 ga Disamba, 1988. Kanada ta bi baya a 1989. Duk da haka a 1997 sai da hukumar ta sake fitar da gargaɗi, bayan wata tsohuwar kibiya ta raunata ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara bakwai a Elkhart ta jihar Indiyana. 

Lura da wanda abin ke faɗa wa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ban da wannan wasa. Mai jifa yakan tafi gida lafiya, ƙanwarsa ko ɗan maƙwabci da ke tsugune yana wasan ƙasa shi ake ɗauka ranga-ranga. Wannan ma ya isa amsa ga zancenka na cewa keke ya fi ta raunata yara. Ya fi, amma mai keke shi ya hau, akwai hular kwano, kuma keke yana kai mutum wani wuri. Batun cewa ba a kama kowa don ya ajiye ta a gida, wannan gaskiyarka ce, sayarwa aka hana, har da na hannu. Ba wanda ya ce za a kira maka 'yan sanda. Filin da muka kama haya da sunan al'umma muka ce ba za ta shiga ba.

Sai tawakkali, wanda ban so ka jawo shi cikin wannan zance ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu da hannu don kada ya ji wa wani musulmi. Sun kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal cewa ya hana harbi da tsakuwa, ya ce ba ta kashe abin farauta, ba ta illata maƙiyi, sai dai ta fasa ido ta karya haƙori. Tsakuwa ke nan fa. Ban san malamin da ya karanta waɗannan ya ce ƙarancin imani ne ba.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce akwatinka. Duk taron da muke yi, manya suna ƙarƙashin rumfa suna siyasar gida, mata suna kan tukwane, yara kuma an bar wa 'yar shekara goma sha biyu ta lura da su, ga tafki a gefe, ga motoci suna ja da baya. Wanda ya buɗe baki sai a ce ya zama Bature. Ranar da abu ya faru kuwa, ƙaddara ce, a yi haƙuri, kada a tada zance. Ban ga sunanka a jerin masu tsaron filin yara ba ko sau ɗaya, amma ga shi ka zama kakakin ƙuruciya, kuma a daidai watan da ake shirin zaɓen shugabannin ƙungiya. Wataƙila dacewa ce. Na kuma san masu tara tsofaffin kaya suna zuba kuɗi a kan akwatin da bai yage ba, to ina tuna maka wannan cinikin ma haramtacce ne.

Ga iyayen da ke karantawa, tun da wasu sun ce suna da irinta a gareji ko sun tsinta a gwanjon ƙofar gida. Kada a sayar, kada a bayar kyauta, kada a cusa ta a kwantena a aika gida a ce tsaraba ce. A yanke tsinin da zarton ƙarfe, a kakkarya fukafukan, a naɗe tsinin a kwali a ɗaure, a zubar da su daban-daban yadda ba mai sake haɗawa. Robar da ta shekara arba'in ta riga ta bushe, fiffike ɗaya ya tsage kibiya ta daina tafiya saiti, don haka tsohuwar ta fi sabuwa sharri.

In kuwa, Allah ya kiyaye, ta soki yaro a wani gida: kada a zare ta. Zarewa na iya buɗe jijiyar da ƙarfen ya toshe. A kwantar da shi, a hana kansa motsi, a tokare kibiyar da naɗaɗɗen tawul ta gefe biyu don kada ta yi lilo, a kira lambar gaggawa, 911 a nan Amurka. Kada a ba shi ruwa ko abinci, mai yiwuwa tiyata za a shiga. In ido ne, kada a danna, kada a wanke. In ta faɗi da kanta kuma raunin ɗan ƙarami ne a fatar kai, duk da haka asibiti za a nufa a lokacin, a gaya wa likita ƙarfe ne mai tsini ya faɗo daga sama, don ya san zai ɗauki hoton kai ya kuma duba allurar tetanus. Amai, yawan barci, farfaɗiya, ciwon kai mai ƙaruwa ko zazzaɓi a kwanakin da suka biyo baya, duk na komawa asibiti ne da gaggawa.

Wasan auna zobe kuma ba a hana kowa ba. Ana sayar da irin mai dunƙulallen gindi marar tsini, wadda ke faɗuwa ta tsaya a kan nauyinta, ita kwamiti zai saya, tare da allunan jifan 'yan buhuna guda biyu. Masu jifa duka a gefe ɗaya, ba mai zuwa ɗauko komai sai an gama jifa, babba ɗaya a bakin layi. Wannan gurbin na bakin layi har yanzu ba a cike shi ba, Alhaji, daga ƙarfe biyu zuwa la'asar ne, kuma takardar sa suna tana hannun sakatare.

Wassalam.