Takardar Koke Kan Tsohuwar Gadar Katako Mai Rufi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Garinmu, Jihar Vermont, Amurka

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu kafintoci da mazauna bakin kogi muna roƙon majalisa ta kula da gadarmu tun tana tsaye.

Magabata sun yi wa gadar rufi da bangon allo ne don ruwa kada ya taɓa ƙashinta. Katakon da aka bari a fili ba ya wuce shekara 20, wanda aka rufe kuwa yakan haura 100. Irin tata saƙa, ta alluna masu gilma juna da aka ɗaure da turakun itace maimakon ƙusa, wani mai zanen gine-gine, Ithiel Town, ne ya yi mata rajista a matsayin ƙirƙirarsa a 1820, kuma masu iya gyaranta a yau 'yan kaɗan ne.

Ɓarna daga yoyo take farawa. Kwano ɗaya ya ɗage, ruwa ya bi ramin turke, ciki ya ruɓe alhali waje lafiya lau. Wurin da ya fi muni shi ne ƙarshen manyan katakan ƙasa, inda suka zauna kan ginshiƙin dutse: laka da ganye da ruwan gishirin narkar da ƙanƙara suna taruwa nan, danshi ba ya fita. Da zarar wurin ya yi laushi, gada ta fara lotsawa a tsakiya.

Mun ga aya a maƙwabta. Ambaliyar guguwar Irene ta tafi da gadar Bartonsville a Agustan 2011, gadar da aka gina a 1870. An sake gina wata, amma katakon asali ya bi ruwa.

Muna roƙon a duba rufi da bango sau biyu a shekara, bayan ƙanƙara ta narke da kuma kafin sanyi, a share mazaunin katakan, a soka su da tsinken ƙarfe don gano ruɓa. A kafa sandar ƙarfe a gicciye daga sama, mai tare dogayen motoci, a kowane ɓangare kafin a iso gadar, domin direban babbar mota ba ya tsayawa karanta allon tsayi da nauyi. A shafa maganin hana kama wuta, a kwashe gungumen da ruwa ke tarawa a gindi. In za a canza katako, a cire ruɓaɓɓen kawai.

Mun shirya ba da aikin hannunmu kyauta idan majalisa ta sa rana.

Mu ne naka,
Kafintoci da mazauna bakin kogi