Daga Wannan Wata Mun Daina Goge Ƙafar Babur Ba Tare da Cire Taya Ba

Assalamu alaikum.

Zuwa ga iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu masu kawo mana tsofaffin babura,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne don mu sanar da ku wata shawara da muka yanke a shago, wadda mun san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Daga farkon watan nan mun daina aikin sha-yanzu, wato a kawo ƙafar babur da hantsi, mu goge wili da sifok ta waje, a karɓa bayan la'asar. Duk ƙafar da ta shigo hannunmu sai mun cire taya da tub, mun ɗaga robar nan da ke rufe kan notocin sifok, mun ga cikin wilin da idonmu. Wanda bai amince da haka ba, za mu ba shi haƙuri ya koma da kayansa.

Ga abin da ya jawo. A daminar da ta wuce wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya kawo mana Honda CD175 ɗinsa. Ya ce da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, ya saye shi a 1975, kuma tun daga ranar babur ɗin bai taɓa kwana a waje ba. Za a ɗaura auren jikarsa, yana so ya je a kan babur ɗin yana sheƙi. Muka goge masa ƙafafu biyu a yini ɗaya, suka yi kyau, ya biya, ya sa mana albarka. Bayan mako uku tayar baya ta sace masa lokaci guda a kan titi, ga ƙaramin jikansa a baya. Allah ya kiyaye, a hankali yake tafiya, ƙujewa kawai ya samu a gwiwar hannu, yaron kuwa ko ƙwarzane. Da mai faci ya ɓare tayar sai ya ce a kira waɗanda suka yi aikin ƙafar. Muka je muka tarar cikin wilin ya yi ɓawo-ɓawo kamar ƙanzon tukunya, robar ta ruɓe ta manne da tsatsa, wani ɓamɓaroki mai kaifi ya yanka tub. Muka danna bakin sukundireba kusa da ramin sifok, ƙarfen ya lotsa. Baba bai ɗaga mana murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yarana, ai na ɗauka kun duba." Har yau maganar nan tana ranmu. Ƙafar ta wuni a hannunmu, mu ne masu sana'ar, mu ya kamata mu buɗe. Laifinmu ne, mun kuma roƙe shi gafara, muka sake masa ƙafar daga aljihunmu.

Tsatsar da ke kashe wili ba wadda ake gani ba ce. Kowane sifok yana da ramin da notinsa ya ratsa, kuma ta nan ruwa ke shiga, ko na sama, ko na kududdufi, ko na masu wanki da injin feshi. In ya shiga sai ya kwanta ƙarƙashin roba, inda babu iska balle rana. Ga shi kuma kurom, wato lulluɓin nan mai ƙyalli, na cikin wili bai kai na waje kauri ba tun daga kamfani. Shekara arba'in ko hamsin ana haka, sai ka ga waje kamar madubi, ciki kuwa ya zama gari.

Tunda maganar kurom ta zo, bari mu yi roƙon da muka daɗe muna yi da baki. Don Allah a daina sa wa wili ruwan batir da ruwan wanke masai, a kuma daina kai masa samfefa. Abin da ke ƙyalli a kan wili ba ƙarfen ba ne. Ana shimfiɗa nikel a kan ƙarfe, wani lokaci da jan ƙarfe a ƙarƙashinsa, sannan a ɗora kurom a sama, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Samfefa sau biyu ta wuce shi. Asid kuwa yana cinye tsatsa nan take, mai babur ya ji daɗi, amma yana tafiya da tutiyar da aka lulluɓe sifok da ita, ya kuma gangara cikin zaren noti ya zauna. Kafin wata ya zagayo sifok sun yi ja fiye da da, notoci sun cije. Mun sha ganin yaro ya yi wa mahaifinsa wannan aiki da kyakkyawar niyya, ya ɓata wilin da ya tsira shekara da shekaru. In tsatsa ce 'yar ɗigo-ɗigo a sama, takardar alminiyom da ake naɗe gasasshen nama da ita ta isa. A dunƙule ta, a tsoma a ruwa, a goga a hankali, a share, a shafa man goge ƙarfe. Ta fi kurom laushi, ba za ta karce shi ba. In kuwa kurom ya fara ɓarewa yana tashi kamar fatar albasa, babu gugar da za ta mayar da shi.

Yanzu ga yadda aikin zai riƙa gudana. Kafin mu kwance ko noti ɗaya, sai mun ɗauki hoton ƙafar ta fuska biyu, mun ƙirga sifok nawa kowane sifok ya tsallake, sannan mu ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin tukunyar birki mu auna tazarar da ke tsakaninsa da gefen wili, mu rubuta. Wannan awo shi ne ke sa ƙafar gaba da ta baya su bi layi ɗaya in an mayar. Mutum ya yi gaggawar datse sifok da almakashin ƙarfe bai auna ba, ya jefa kansa cikin lalube. Shi ya sa muke roƙo kada a kawo mana wili daban, hob, wato cibiyar ƙafar da sifok ke kamawa, daban, a cikin buhu. A kawo ƙafar yadda take, ko da ta karkace.

Hob ɗin baburan Japan na alminiyom ne, kuma yawancinsu kamfani ya fesa musu wani farin fenti mai kama da ruwa, wanda tsufa ke mayarwa rawaya. Sai mun cire shi tukuna, in ba haka ba guga ba ta kama. Daga nan sai samfefar ruwa, mu fara da lamba 400, mu hau 600, 800, 1200 har 2000, kowace lamba tana share sawun wadda ta gabace ta. Tsallake ɗaya, sawun zai fito ƙarara bayan an gama. Sai injin guga da sabulunsa. A nan ne kawai samfefa ke da hurumi, domin alminiyom ɗaya ne daga sama har ƙasa, babu lulluɓin da za a fasa. Muna duba boris a lokacin, wanda ke gurnani mu sauya shi. Ƙurar tukunyar birki kuwa ba ma hure ta da baki ko da iska, da jiƙaƙƙen tsumma muke sharewa, saboda tsofaffin takalman birki da yawa akwai asbestos a jikinsu, shaƙarsa kuma tana lalata huhu.

Yawancin baburan da kuke kawowa, su CD175, CD185 da ake ce wa Roadmaster, C70, CG125, Suzuki A100, sifok 36 ne a kowace ƙafa, 18 a kowane ɓangaren hob. Baburan Ingila na da kuwa galibi 40 ne. Su 36 ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Rabi na ciki ne, rabi na waje, lanƙwasar wuyansu ta bambanta, kuma in aka musanya su wuyan ba ya zama daidai a raminsa, nan zai karye. Tsohon sifok da tutiyarsa ta tafi ba ma goge shi mu mayar, don ko ya yi fari yau, damina ɗaya ta ishe shi. Muna sa sabo, ko mai tutiya kamar na asali, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. A ganinmu na biyun ya fi ga wanda ke hawa kullum, sai dai dole a shafa wa zarensa mai kafin a ɗaure, in ba haka ba yana cijewa da noti. Mai son babur ɗinsa ya koma tamkar ranar da ya fito daga kwali, na farkon ya fi dacewa da shi. Wani lokaci muna samun tsawon da muke nema a nan Kano, wani lokaci sai mun aika Nnewi, kuma wannan na cikin abin da ke ja mana kwanaki.

Saiti shi ne zuciyar aikin, kuma ba a yin sa da gaggawa. Bayan an saƙa sifok, kowane noti an shigar da shi adadin juyi ɗaya da ɗan'uwansa, sai a ɗora ƙafar a kan marikinta, a kafa ɗan tsinken ƙarfe dab da bakin wili, a juya. Da farko a kashe tsalle, wato hawa da saukar da wili ke yi. Sannan a kashe rawa, wato kaɗawarsa hagu da dama. Inda ya karkata dama, a sassauta sifok na dama kwatan juyi, a ƙara na hagu kwatan juyi, a sake juyawa a gani. Haka za a yi ta yi, wani lokaci sa'a biyu a kan ƙafa ɗaya. Littattafan gyara na Honda sun sa iyakar karkata a milimita 2, mu kuwa ba ma sauke ƙafa sai ta yi ƙasa da milimita 1. A ƙarshe maigidanmu yakan bi sifok ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana, kunnensa a kusa. Mai kyau yana amsawa "ƙil", sako-sako yana cewa "ƙwab". In kun shigo kun tarar an kashe rediyo, shago ya yi tsit, to wannan ake yi. Daga nan a goge duk tsinin sifok da ya leƙo ta kan noti, a shafe cikin wili da fentin hana tsatsa, a sa sabuwar roba.

Akwai abu biyu da ba za mu yi ba ko nawa za a biya. Ba za mu yi wa wilin da tsatsa ta ci walda ba, ba kuma za mu fesa fentin azurfa a kan tsatsa ba. In wilinku ya mutu za mu kira ku ku gani da idonku, mu nemi wani mai lambarsa da yawan ramukansa. Tsohon kuwa naku ne, ku tafi da shi. Mun san wasu na mahaifi ne da ya rasu, ba a rabuwa da su.

Aikin ƙafa biyu yanzu zai ɗauki kwana bakwai zuwa goma sha huɗu. Kuɗin ya ƙaru, domin aikin ya ƙaru, kuma mun liƙa sabon farashi a ƙofar shago. Ba za mu sayi komai da sunanku ba sai mun buɗe ƙafar, mun faɗa muku abin da muka gani, kun amince. Masu son babur ɗinsu ya fito hawan sallah, ku taimaka ku kawo tun wata guda kafin lokaci, don a makon ƙarshe ba za mu karɓi sabon aiki ba.

Sabbin sifok suna zama a gurbinsu bayan an fara hawa, wasu su ɗan saki. Don haka in kun yi kamar kilomita 500, ku dawo mu sake bin su, ba ko sisi. A gida kuwa, ruwa da sabulu mai laushi sun isa, a tsane da tsumma, kada a bari ƙafar ta bushe da kanta, kada kuma a saita bakin injin feshi a kan notoci ko boris. Da hunturu a kakkaɓe ƙura kafin a sa tsumma, don ƙurar ma tana karce kurom.

Duk wanda muka taɓa goge masa ƙafa ba mu cire taya ba, ko shekara nawa ke nan, muna roƙonsa da girman Allah ya dawo da ita. Za mu buɗe mu duba kyauta, mu sa masa sabuwar roba. Muna shago kullum daga ƙarfe takwas na safe zuwa magariba, ban da Juma'a da muke tashi ƙarfe sha biyu.

Allah ya tsare mana ku a kan hanya, ya bar zumunci.

Naku,
Maigida da yaran shago,
Masu gyaran ƙafafun tsofaffin babura, Kano