Idan sabar ta ƙi tashi, a daina gaggawar gyara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ina fatan kana lafiya tare da abokan aikinka baki ɗaya. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu kula da kwamfutocin ofisoshi, da kuma ogoginsu da ke tsaye a kansu, a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Aikina kula da sabar ne, wato babbar kwamfutar nan da ofis ke tara komai nasa a ciki, sakamakon ɗalibai ne, fayil ɗin marasa lafiya ne, lissafin albashi ne. Abin da nake ta gani shi ne, da yawa daga bayanan da ake cewa sun salwanta ranar da sabar ta ƙi tashi, a lokacin da ta tsaya ɗin suna nan daram, sai a wajen gyara ake hallaka su, saboda oga na ta bugo waya yana cewa a tayar masa da ita kafin azahar, shi kuma yaron da ke gaban allo ya rikice yana ta kwafo umarni daga intanet yana bugawa ba tare da ya san me suke yi ba.

Yawancin sabar da muke ɗora wa Linux a nan, ko Ubuntu ko CentOS ko Proxmox, da tsarin sarrafa faifan ajiya (hard disk) da ake kira LVM suke zuwa, sau da yawa ma wanda ya ɗora bai san ya zaɓe shi ba, ya dai yi ta danna ci gaba ne. Tsarin ya tsufa kuma amintacce ne, Heinz Mauelshagen ne ya fara rubuta shi a 1998. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki faifai biyu ko uku ko fiye ya haɗe su wuri guda su zama rukuni ɗaya, shi ne ake kira VG, sannan ya yayyanka wannan rukunin ƙanana-ƙanana, kowane yanki megabait 4 in ba a canza ba, sai ya rarraba yankunan nan ga ɓangarorin da kwamfuta ke gani kamar faifai na gaske, su ne LV. Daɗin abin shi ne in wuri ya cika sai ka ƙaro faifai ka faɗaɗa ba tare da ka kashe komai ba. Matsalar kuma ita ce ɓangare ɗaya zai iya zama rabinsa na faifan farko rabinsa na na biyu, kuma abin da ya san wane yanki ne na wa, wani ɗan ƙaramin rubutu ne da ke zaune a farkon kowane faifai, cikin megabait ɗin farko. Kamar unguwa ce da aka yanka filaye, gidaje na nan a tsaye da mutanensu da kayansu, amma taswirar da ke nuna iyakar kowa ta ɓace. To yawancin abin da ake kira lalacewar rukunin faifai, wannan taswirar ce ta samu matsala, ko kuma faifai ɗaya ya ɓace daga cikin rukunin.

Yadda abin ke zuwa kuwa duk mai wannan aikin ya san shi. An ɗauke wuta da dare, batirin UPS ya riga ya mutu tuntuni ba a canza ba, janareta ya kawo wuta da ƙarfi, ko kuma zafin watan Afrilu a ɗakin da esi ba ya aiki ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun bara. Da safe a kunna, sabar ta tsaya a baƙin allo na gaggawa, ka buga pvs, umarnin da ke jero faifan da ke rukuni, ka ga inda sunan faifai ya kamata ya fito an rubuta unknown, a samansa kuma ga gargaɗi cewa ba a samu na'ura mai lamba kaza ba, wata doguwar lamba ce da ake kira UUID wadda kowane faifai ke da tasa. A daidai wannan lokacin babu abin da ya ɓace tukuna fa. Wani lokacin ma waya ce kawai ta saki, ko kati ya ƙone, faifan lafiyarsa ƙalau.

Akwai wata makaranta mai zaman kanta da aka kira ni, ba zan faɗi suna ba. Faifai biyu ne a rukuninsu, ɗaya ya daina fitowa. Yaron da ke kula musu, yaro ne mai ƙoƙari wallahi kuma ban ga laifinsa sosai ba don an matsa masa lamba ana gab da raba sakamako, ya samu wani shafi da ya ce a buga umarnin vgreduce da zaɓin removemissing, ya buga ta ƙi, sai ya ƙara mata force. Abin da wannan umarnin ke yi shi ne ya goge faifan da ya ɓace daga taswira, tare da duk wani ɓangare da ke da ko da yanki ɗaya a kansa. Gargaɗin ya ɓace kam, allo ya yi tsaf, amma ɓangaren da ke ɗauke da rumbun bayanan ɗalibai shi ma ya ɓace daga lissafi. Da na duba sai na tarar wayar faifan ce ta lalace. Allah ya taimake su bai ƙirƙiri sabon ɓangare ya yi masa fomat a wurin ba, da shikenan.

Abin da ya cece su, kuma shi nake so kowane mai wannan aiki ya riƙe, shi ne LVM da kansa yana ajiye kwafin taswira. Duk lokacin da aka yi wani canji, kafin ya aiwatar sai ya ajiye tsohuwar a /etc/lvm/archive, ta yanzu kuma tana /etc/lvm/backup, kuma rubutu ne zalla da mutum zai buɗe ya karanta da idonsa, zai ga sunan rukunin, lambar kowane faifai, da inda kowane ɓangare ya fara da yawan yankunansa. A saman kowane fayil ma akwai layin da ke cewa an ajiye shi ne kafin a gudanar da umarni kaza, don haka ba sai ka yi canki-canka ba, ka buga vgcfgrestore da list ya jero maka su, ka nemo wanda aka ajiye kafin ɓarnar, ka mayar da shi. A tsarin da yake zuwa da shi yana riƙe aƙalla guda 10, kuma ba ya goge wanda bai kai kwana 30 ba. A makarantar nan, muna canza waya faifan ya fito, muka mayar da tsohuwar taswira, ɓangaren ya dawo da komai nasa.

Sai dai akwai tarko a nan. Sau da yawa shi wannan /etc ɗin yana cikin rukunin da ya lalace ne, wato kwafin taswirar na kulle a cikin abin da kake son buɗewa. Nan ma ba a yanke ƙauna ba, don wurin da LVM ke rubuta taswira a farkon faifai yana zagayawa ne, tsofaffin kwafi na nan a baya ba a taka su nan take ba. Ka tayar da injin da filashi mai Linux, ka kwafo megabait ɗin farko na faifan da umarnin kwafi na dd zuwa wani fayil, ka buɗe, za ka ga taswirori a jere kowace da lambar seqno, mafi girman lamba ita ce ta baya-bayan nan. Sababbin LVM ma suna da pvck da ke zaro maka ita kai tsaye. In kuma kan faifan ne aka taka, misali wani ya yi kuskuren raba shi, ana sake rubuta masa tsohuwar lambarsa da pvcreate, a ba shi uuid ɗin da kuma restorefile, wannan kan kawai yake taɓawa ba ya shiga inda bayanai suke. Amma a kula sosai, in ka ba faifai lambar ɗan uwansa ka ƙara dagula lamarin, kuma sunaye irin su sdb da sdc suna iya musanyawa daga kunnawa zuwa kunnawa, da siriyal lamba ake tantance faifai.

Duk wannan da na faɗa, ba a kan faifan asali ake yin sa ba in dai akwai alamar ciwo a jikinsa. Nan ne muke yawan faɗuwa saboda ofis ba ya son sayen faifan da za a kwafa a kai. A fara duba lafiyarsa da smartctl, in aka ga sassan da aka sauya wa wuri ko masu jiran sauyi suna ƙaruwa, to faifan na mutuwa ne a hankali, kuma kowane karatu da aka yi a kansa rage masa kwana ake. Sai a ɗauki hotonsa, wato a kwafe shi gaba ɗaya, da manhajar ddrescue zuwa wani faifan da ya kai shi girma ko ya fi. Abin da ya sa nake son ddrescue shi ne yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri, ya tsallake masu ciwo, sai daga baya ya dawo yana lallaɓa su, kuma yana rubuta inda ya tsaya a wani ɗan fayil, don haka ko NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, in ta dawo daga nan zai ci gaba, wanda a ƙasar nan ba ƙaramin abu ba ne. In an gama a cire na asalin a ajiye a gefe, kar a bar su biyun a jone tare don lambarsu ɗaya ce, LVM zai yi ta ƙorafin ya ga faifai biyu masu lamba guda. In kuwa faifan ƙara yake yi ƙas-ƙas-ƙas, a kashe shi nan take, kar a saka a firji kamar yadda wasu ke faɗa, kar kuma a bari wani ya kwance shi a kan tebur a kasuwa, ƙura kaɗan ta isa ta kankare shi, wannan aikin masu ɗaki na musamman ne mara ƙura.

Bayan rukunin ya tashi ma a yi haƙuri da fsck, umarnin da ke duba tsarin fayil yana gyara shi. Mutane na son buga shi da y don ya amsa e ga komai, alhali shi burinsa ya daidaita tsarin fayil ne ko da zai zubar da abin da bai gane ba. A fara haɗa ɓangaren a yanayin karatu kawai, a kwashe abin da ya fi muhimmanci zuwa waje, sannan a gwada e2fsck, wato fsck na ext4, da n ya nuna abin da zai yi ba tare da ya taɓa ba. In tsarin fayil ɗin ext4 ne kuma babban kansa, wato superblock, ya lalace, akwai kwafinsa, galibi a bulo na 32768. In XFS ne, wanda CentOS 7 ke zuwa da shi, xfs_repair da n za a fara, shi kuma zaɓinsa na L ɗin nan da ake ta ba mutane shawara yana share rajistar abubuwan da ba su gama sauka ba ne, sai in babu makawa.

Gaskiyar da ba a son ji kuma ita ce wani lokacin faifan ya mutu murus. In ɓangarorin a jere aka shimfiɗa su, ana iya tayar da rukunin da zaɓin partial, wato ko da bai cika ba, a tsinci abin da ke kan faifan da ya rage, da manhajojin tono fayiloli irin su testdisk ko photorec in ta kama, duk da photorec fayiloli yake dawo da su ba sunayensu, sai an zauna ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. In kuwa a raba-daidai aka tsara, inda kowane babban fayil ke warwatse a kan faifan duka, to mutuwar ɗaya kusan mutuwar duka ce. LVM a karan kansa ba kariya ba ne, haɗa faifai uku a rukuni ɗaya ba tare da RAID ko madubi ba, wato tsarin da bayanai ke tsira ko da faifai ɗaya ya mutu, ƙara yawan hanyoyin asara ne ma.

Kar ogogi su ɗauka wannan rashin ƙwarewar yaranmu ne kawai. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge rumbun bayanansu na ainihi bisa kuskure, kusan gigabait 300, da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu sai suka tarar yawancinsu ba sa aiki kuma ba wanda ya lura, abin da ya cece su hoton LVM ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan, bayanan awa 6 ɗin kuma suka tafi. Kamfanin ya fito fili ya bayyana duk yadda aka yi bai ɓoye ba. Mu a nan sai a kori yaro a rufe maganar, ajiyar ko-ta-kwana kuma a ci gaba da rashinta. Ga shi tun 2023 muna da dokar kare bayanai a Najeriya, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin kare su daga ɓacewa da lalacewa, kuma har yanzu akwai ofisoshin da ke kan CentOS 7 da aka daina tallafa wa tun ƙarshen Yunin 2024.

Roƙona ga shugabannin makarantu da asibitoci da ma'aikatu, ranar da sabar ta tsaya ku ba mai gyara lokaci, ku saya masa faifan da zai ɗauki hoto a kai, kuɗinsa bai kai na sake tattara sakamakon shekaru ba. 'Yan uwana masu aikin kuma, yau ɗin nan tun komai na lafiya ku buga vgcfgbackup, ku kwafe babban fayil ɗin /etc/lvm zuwa filashi ko imel ɗin ofis, 'yan kilobait ne kawai, ku rubuta siriyal lambar kowane faifai da ramin da yake ciki a takarda ku manna a jikin injin. Ajiyar bayanan kanta kuma a samu kwafi a wajen ginin, kuma duk wata a ɗauko fayil ko rumbu ɗaya daga ciki a gwada mayar da shi a wata kwamfutar a ga ko yana buɗewa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wani mai kula da sabar, daga Kano