Gadon 'Yan Hifi da Achar Filato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya na shiga wani kanti a Abuja, na tarar da acha da garin zogale a cikin leda mai ƙyalli, da tsadar da ta yi wa farashin kasuwar Faringada ta nan Jos fintinkau, wai don ba a noma su da takin zamani ba. Masu saye suna ganin sabuwar wayewa ce, alhali kuwa tana da tarihi.

Ɗaya daga cikin jijiyoyin wannan ɗabi'a tana komawa ga matasan Amurka na shekarun 1960 da ake kira 'yan hifi, waɗanda suka ƙi yaƙin Biyetnam, suka kuma juya wa tara abin duniya baya. A 1967 suka yi dafifi a unguwar Haight-Ashbury ta birnin San Faransisko, inda da yawansu suka ƙyamaci abincin gwangwani, suka koma ga ganye da hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, suka kuma aro motsa jikin da ake kira yoga da zaman natsuwa daga Indiya. Abin da aka yi wa dariya a lokacin ya shiga asibiti daga baya, domin a 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin rage damuwa ta hanyar natsuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts. Har ungozomanci sai da suka farfaɗo da shi a wata gona ta jihar Tennessee. Duk wanda ya tashi da tuwon acha, kwaɗon zogale da fura da nono ya san cewa abin da suka sha wahalar nema yana cikin tukunyar kakanninmu.

Ba na wanke 'yan hifin. Wiwi da ƙwayar LSD sun lalata rayukan da yawa daga cikinsu, kuma mu da muka ga abin da kodin ya yi wa 'ya'yanmu har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ba ma buƙatar a yi mana wa'azi a kan wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne mun bar mafi alherin gadonsu. A cikin 1967 ɗin nan Dakta David Smith ya buɗe asibitin kyauta a Haight-Ashbury, bisa aƙidar cewa kula da lafiya haƙƙi ne na kowa, ba gatan mai hali ba, kuma likitoci 'yan sa-kai ne suka riƙe shi. Mu kuwa mun ɗauki ɓangaren da ake sayarwa, har talakan da ya noma achar yana neman ya kasa cin ta, matarsa kuma tana jinya a gida saboda kuɗin kati.

Don haka ina kira ga likitoci da ma'aikatan jinya na Jos da su ware ko da yini ɗaya a wata su duba marasa ƙarfi kyauta a unguwanni irin su Gangare da Unguwar Rogo, masu hali kuma su ɗauki nauyin magani. Gwamnatin Filato ita ma ta samar wa manoman acha injin sussuka da surfe, domin wahalar gyaranta ce ke ƙara mata tsada.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Jos, Jihar Filato.