Masu zuwa duba mangazar magani, ku zo da rana tsaka kuma ku dawo mana da sakamako

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan misiyon ɗin da ake turowa lokaci zuwa lokaci don duba yadda ake aje magani a likitocinmu na nan jihar Damagaram. Na jima cikin kwamitin kula da wani CSI, wato ƙaramar likita ta ƙauye, kwamitin da ake kira COGES, kuma na sha zama da mai riƙe da makullin farmasi, don haka abin da zan faɗa ba jita-jitar bakin tasha ba ce.

Ni dai ban ƙi binciken ba. Abu ne mai kyau a zo a duba, tunda magani ba hatsi ba ne da za ka buɗe buhu ka gane ya lalace da ido. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin shi. Ana aiko da saƙo tun mako guda kafin su zo, sai a share ɗaki, a kakkaɓe kanta, a zauna da dare a cike fish ɗin sitok, wato takardar rubuta shiga da fitar magani, da aka bari wata biyu ba a taɓa ba, kat-kat ta iso da hantsi lokacin da gari bai ɗau zafi ba, a ƙirga kwalaye, a tambaya akwai palet, wato katakon da ake ɗora kwalaye a kai? akwai. akwai tarmometir? ga shi can rataye. a sa maki a wuce CSI na gaba kafin azahar. To wannan ranar biki aka auna, ba rayuwar mangaza ba.

Duk wanda ya san garin nan ya san watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Yawancin magunguna kuwa in ka juya kwalin za ka ga an rubuta a aje ƙasa da digiri 25 ko 30. Mangazarmu ɗaki ne na kwano babu silin, taga ɗaya, ita ma a rufe saboda ɓarayi da ƙura, da ƙarfe uku na rana in ka shiga zufa ce za ta fitar da kai. Ƙwaya ba ta canza kala don ta sha zafi, tana nan fara fes, ranar ƙarewarta ma da saura shekara guda, amma ƙarfinta na raguwa a hankali. Mai bincike in yana son gaskiya ya bar na'urar da ke rubuta zafi da kanta a ɗakin ta yi wata guda cikin bazara, ya dawo ya karanta. Ba ta da wani tsada.

Maganar firigo kuma ta fi tada hankali. Allurar lamba tana son tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma mutane da yawa zafi kaɗai suke tsoro, ba su san cewa wasu kamar Penta da ta tetanos in suka daskare sun mutu ba, ko da an narkar. Alhamdu lillahi an samu firigon sola a wurare da dama, wannan ci gaba ne, sai dai pano in ƙurar hunturu ta rufe shi ba mai gogewa, in abu ya lalace mai gyara na can nesa. Sannan ga allurar ositosin da ungozoma ke yi wa mace bayan haihuwa don tsaida jini, ita ma yawancinta firigo take so, amma sau nawa na gan ta a aljihun tebur na ɗakin haihuwa saboda wai firigon na lamba ne kaɗai ba a yarda a sa wani abu ciki ba. Mace na zubar da jini da tsakar dare, an yi mata allura ɗaya, an ƙara, jini bai tsaya ba, babbar likita na da nisa, a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce mun yi imani, amma ita wannan allurar ta kwana nawa a zafi? Ban taɓa jin an yi wannan tambayar ba ranar da aka zo duba mu.

Yanzu in zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato lissafin oda. Yadda ake koya wa masu farmasi shi ne ka duba abin da ka fitar a watannin baya, ka fidda matsakaici na wata, da shi za ka yi odar gaba. Misali maganin masassara na yara, a ce kana fitar da kwali 100 a wata in akwai shi. Sai ya ƙare ranar 15 ga wata, sauran kwanakin ana rubuta wa iyaye ordonans su je su nema waje. A takarda me aka fitar? 50. In ba a rubuta kwanakin da maganin ya yanke ba aka gyara lissafi, sai na sama su ga wai wannan CSI 50 yake sha, su aiko 50, ya ƙare cikin mako biyu kuma, haka dai abin ke ta juyawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ga shi kuma masassara ba daidai take duk shekara ba, lissafin watan Maris ba zai ɗauki Satumba ba, lokacin da damina ta yi nisa yara ke cika likita har a kwanta a tabarma a waje. Mutanen Magaria ba su manta 2018 ba, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shelar cewa yara kusan 10 ke rasuwa a rana a sashen yara, akasari masassara da tamowa. Shi ya sa nake cewa tambaya ta farko da ya kamata mai bincike ya yi ita ce, cikin wata shida da suka wuce kwana nawa kuka yi babu maganin masassara, babu abin gwajin jini, babu amoksisilin? Ya buɗe rajistar duba marasa lafiya ya gwada da fish, nan ne gaskiya take.

A wani wuri kuma akasin haka ne, an jibge musu kaya da ba su nema ba, saura wata uku ya mutu. Ƙa'ida dai ita ce wanda zai riga mutuwa shi ake fara fitarwa, amma sabon kwali a gaba ake aje shi saboda sauƙi, tsoho na baya yana jiran ranarsa. CSI ɗin da ke kilomita kaɗan na kukan rashin wannan maganin, babu wanda ya haɗa su, alhali duk majojin nan, wato shugabannin CSI, suna cikin guruf ɗaya na WhatsApp.

Kuma kada a ɗora duk laifi kan mai farmasi, bawan Allah. Da yawa ba su yi karatun aikin ba, an koya musu ne a tsaye, shi ne mai karɓar kuɗi shi ne mai ba da magani shi ne mai cike takardu. Tun 2006 gwamnati ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su, kowa ya yi murna kuma har yau muna murna, amma kowa ya san kuɗin da ake maido wa likitoci ya sha yin jinkiri, kes, wato asusun CSI, in ba kuɗi da me za a sayo wani magani? Ga hanya, daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne, daga nan kuma a kai Gure, Tanut, Tesker, Belbeji, wasu wuraren rairayi ne zalla. Bayan takunkumin 2023 da aka rufe iyakoki Najeriya ta yanke mana wuta, mun ga yadda kaya ke maƙalewa. Rapor ɗin da ya ce "ma'aikaci bai iya tsara kanta ba" ya yi shiru kan kuɗi da mota da wuta, rabin labari ya faɗa.

In magani ya yanke a likita ai mutum ba zai koma gida ya zauna ba, wajen mai tebur zai nufa ko mai yawo da shi a faranti cikin rana a kasuwa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2017 kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. Mu kuwa a Nijar ba sai an ba mu labari ba, a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutane sama da 50,000 allurar lamba ta jabu. Ƙasarmu na cikin waɗanda suka shiga yarjejeniyar Lome a 2020 don yaƙi da maganin jabu, madalla, amma ni a ganina kame masu tebur ba zai yi nisa ba muddin kantar CSI fayau take.

Abu na ƙarshe da nake so a ji. Ana zuwa a tambaye mu, a ɗau hoto, a cike takardu, a tafi, shikenan. Rapor ɗin da faransanci ake rubuta shi, a gabatar a babban otal a Yamai, wanda aka ƙirga kwalayensa bai taɓa ganin ko shafi ɗaya ba. Me zai hana a maido wa kowane CSI takarda ɗaya tak, a karanta ta da Hausa gaban majo da mai farmasi da 'yan COGES da mai gari, a ce ga inda kuka gaza, ga inda distirik, wato ofishin lafiya da ke kula da ku, ya gaza, ga ranar da za mu dawo? Silin da taga ta biyu da palet ai ko 'yan gari za su iya haɗa kuɗi su yi in an nuna musu amfanin, mun gina masallatai da azuzuwa da hannunmu balle rufin ɗaki ɗaya.

Ina roƙon jaridarku ta tura ɗan rahoto ya zaga CSI biyu ko uku a cikin watan Afrilu da rana tsaka, ya sake komawa a Satumba, ba tare da ya sanar ba, ya roƙi a nuna mishi fish ɗin maganin masassara na yara da takardar zafin firigo.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku a kullum,
daga Zango, Damagaram