Ku gaya mana abin da ya shaƙa

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan hodar da ake kira mefedron da danginta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, yawancin aikina na dare ne a sashen gaggawa, kuma wani saurayi da aka kawo mana, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abokansa biyu ne suka shigo da shi a rirriƙe. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yana ta cizon haƙora har ina jin ƙarar daga inda nake tsaye, ga busasshen jini a bakin hancinsa. Da na kama hannunsa zan nemi jijiya, sai na ji yatsun sanyi ƙalau, alhali ƙirjinsa kamar garwashi. Ma'aunin zafi ya haura 40, zuciya na bugawa sama da 150 a minti. Yana ta waige-waige yana cewa akwai mutane a bayan labule suna jiransa. Na tambayi abokan me ya sha, suka ce zazzaɓi ne kawai. Mun fi awa guda muna lalube a duhu kafin ƙaramin cikinsu ya ja ni gefe, murya na rawa, ya ce, "Sista, hoda ce. Tun jiya yake shaƙa."

Awar nan da muka ɓata ita ce ke ci mini rai har yau.

Mefedron dangin katinon ce, sinadarin da ke cikin ganyen kat da ake taunawa a Yaman da gabashin Afirka, sai dai ita a ɗakin haɗa sinadarai ake yin ta. Tun 1929 aka fara haɗa ta, aka manta da ita, sai a shekarun 2000 ta sake ɓulla a intanet. A Ingila an riƙa sayar da ita da sunan takin fure ko gishirin wanka, a rubuta a jikin leda cewa ba ta amfanin ɗan Adam ba ce, don a zille wa doka. Ingila ta haramta ta a Afrilun 2010, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin jerin ƙwayoyin da ake sa wa ido a 2015. Masu haɗawa ba su daddara ba. Suka ɗan juya tsarin sinadarin, aka sami 3-MMC, wadda Holan ta haramta a 2021. 'Yar uwarsu alfa-PVP, wadda ake kira flaka, ta addabi kudancin Fulorida ta Amurka a 2014 da 2015. Saboda haka mai saye bai san me ke cikin ƙullin da aka miƙo masa ba, sau da yawa mai sayarwar ma bai sani ba.

Abin da mefedron take yi shi ne ta tilasta wa ƙwaƙwalwa ta zubo sinadaran jin daɗi da kuzari gaba ɗaya. Mutum ya ji ya fi kowa ƙarfi, bakinsa ya buɗe, barci da yunwa su gudu. Amma daɗin ba ya jimawa, kafin a ce kwabo ya gushe, sai a ƙara, a sake ƙarawa har gari ya waye. A nan ne jiki ke gazawa. Jijiyoyin jini su matse, hawan jini ya tashi, zafin jiki ya wuce kima har naman jiki ya fara lalacewa, dattinsa ya bi jini ya toshe ƙoda. Wani kuma ƙishi ya sa ya ɗirki ruwa ba ji ba gani, gishirin jininsa ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta kumbura. In an haɗa da giya ko tiramadol, farfaɗiya na kusa. Bayan ta sake shi, sai kwanaki na baƙin ciki da zargin kowa.

Ba ta da makari, Edita. Abin da muke iya yi shi ne mu kwantar da mutum da allura, mu sanyaya jikinsa da gaggawa, mu ƙara masa ruwa muna auna jininsa. Gwajin fitsarin da aka saba yi ma ba kasafai yake gano ta ba. Bakin wanda ya kawo mara lafiya shi ne gwajinmu mafi sauri. Don Allah, in ɗanku ko abokinku ya shiga wannan hali, kada ku danne shi ko ku ɗaure shi, kokawar tana ƙara masa zafi. Ku cire masa kaya masu nauyi, ku garzaya da shi asibiti, ku taho da ledar in kun gani. Ba hukunta shi za mu yi ba.

Saurayin nan ya rayu, amma sai da aka yi masa wankin ƙoda sau uku. Ranar da aka sallame shi, mahaifiyarsa ce ke riƙe da jakarsa, tana tambayata ko ƙodar za ta koma kamar da. Na ce mata sai an ga sakamakon gwajin wata mai zuwa.

Na gode.
Wata ma'aikaciyar jinya