Godiya ga shagon tayil na Ƙofar Ruwa da bai raina ɗan cinikina ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, ranka ya daɗe. Wannan takarda taka ce, kai da yaran shagonka da ke kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ka ce kada in kama sunanka, na kuwa kiyaye, amma yaba kyauta tukwici, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Ni ba kafinta ba ne. Aikin gwamnati nake yi, sai Asabar da Lahadi nake shiga 'yar rumfar da na kafa a bayan gida in ɗauki zarto da guduma, ina haɗa ƙananan tebura masu saman tayil: na shan shayi, na gefen gado, da na ɗora tukunya a kicin. Mai irin wannan sha'awa ba shi ne abokin cinikin da ɗan kasuwa yake marmari ba. 'Yan kwangila da mota suke zuwa su yi lodin kwalaye, ni kuwa guda biyu ko huɗu nake nema, wani lokacin ma ɗaya tak. A wasu wuraren idan ka ce a fasa maka kwali, kallon da za a yi maka kaɗai ya ishe ka amsa.

A shagonka ba haka abin yake ba. Yaranka suna kai ni lungun da kuke tara ragowar kwalaye, su bar ni in zaɓa a tsanake, su sayar mini ɗai-ɗai ba tare da an tsawwala kuɗi ba. Suna duba lambar da ke jikin kwali don kada a haɗa mini tayil na zubi daban-daban, domin ko zane iri ɗaya ne, launi kan ɗan saɓa, kuma a kan tebur ido na kusa, nan take ake gani.

Abin da ya fi tayil ɗin daraja a wurina shi ne ilimin da nake samu kyauta. Kai ka ce mini in riƙa sayen tayil tukuna kafin in taɓa katako, saboda wanda aka rubuta wa santimita 60 da 60 ba lallai ya cika hakan cif ba, gara a auna shi da tef a yi firam daidai jikinsa. Kai ne kuma ka zaunar da ni ka yi mini bayanin dalilin da ya sa ba a manna tayil kai tsaye a kan allon katako. Katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya tsuke idan iskar hunturu ta buso, tayil kuwa ba ya motsi. Idan aka haɗa su ba wani abu a tsakaninsu, sai layukan da aka cike su tsage, ko tayil ɗin ya ɓanɓaro. Maganinsa filawud mai kauri milimita 18, wanda ba ya wannan motsin sosai, a shafa masa gam ɗin tayil mai ɗan sauƙin lanƙwasa maimakon siminti zalla, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil. Inda tayil ya haɗu da firam kuma a cike da silikon, wato gam mai laushi kamar roba, don katakon ya sami wurin numfashi. A garin da zafi da sanyi da danshi suke juyawa kamar namu, wannan shawara ita ce rayuwar tebur.

Ban manta da batun fosilin ba, wato wani nau'in tayil da ya fi siramik ƙarfi. Na so in riƙa ɗaukar siramik mai araha, babban yaronka ya ce ga teburin kicin fosilin ya fi, tunda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, sai dai yana da taurin yanka. Yankan ma bai bar mini ba. Da injinku mai ruwa yake yanka mini, ya goge bakin don kada ya yanki hannun yara, abin da yake karɓa kuma bai taka kara ya karya ba.

Har katako, wanda ba hajarka ba ce, sai da ka tura ni 'Yan Katako na Na'ibawa, ka ce in nemi maɗaci ko loko busasshe, in guji ɗanye komai arharsa, in kuma shafa maganin gara kafin fenti. Ba kowane ɗan kasuwa ne zai ɓata lokacinsa a kan cinikin da ba aljihunsa zai shiga ba.

Uwargida ta ce a miƙa tata godiyar, don yanzu tana sauke tukunya daga wuta ta ɗora a kan tebur ba fargabar ƙuna, goge miya kuma tsumma ɗaya ya wadatar. Maƙwabta da suka gani suna tambaya, ni kuma kwatancen shagonka nake yi musu.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiya daga gobara da asara, ya yi wa yaran nan albarka su ma su buɗe nasu shagunan.

Wassalam.

Naka,
mai sayen tayil ɗai-ɗai, daga Kano.